Tun a Alinagar Bengal ta suɓuce, kafin a kai Palashi

A ranar 9 ga Fabrairun 1757, Nawab Sirajuddaula, mai mulkin Bengal da Bihar da Orissa, ya sa hatiminsa a kan wata yarjejeniya da Kamfanin Gabashin Indiya na Ingila, wadda tarihi ya sani da sunan Yarjejeniyar Alinagar. Kwana 134 bayan haka aka gwabza yaƙin Palashi, da aka ƙara kwana tara kuma aka kashe shi a Murshidabad, babban birninsa. Duk mai ba da labarin yadda Turawan Ingila suka mallaki Indiya daga Palashi yake farawa, ya kuma ɗora laifin gaba ɗaya a kan Mir Jafar, babban hafsan da ya tsaya da rundunarsa yana kallo har aka ci ubangidansa da yaƙi. Ni a ganina wannan labari ya fara a makare. Abin da Bengal ta rasa a filin daga a watan Yuni, ta riga ta miƙa mafi yawansa a rubuce tun watan Fabrairu, domin takardar Alinagar ta ba ƙungiyar fatake abubuwa uku waɗanda sarauta ce kaɗai ta cancanci riƙe su, wato ikon yafe kuɗin fito, da ikon gina ganuwa, da ikon buga kuɗi.

Kamfanin da ake magana a kansa ya sami takardar izini daga Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya a ranar ƙarshe ta shekarar 1600, kuma ya shafe fiye da ƙarni guda yana roƙon alfarma a fadojin Indiya. A 1690 wakilinsa Job Charnock ya kafa sansanin ciniki a gaɓar kogin Hugli, a 1698 kuma Kamfanin ya sayi haƙƙin karɓar haya a ƙauyuka uku, Sutanuti da Gobindapur da Kalikata, waɗanda suka haɗu suka zama Kalkata. Abin da ya jawo su a bayyane yake. Bengal ce lardin da ya fi kowane arziki a daular Mugal, tana da yadin auduga mai shara-shara na Dhaka, da alharinin Kasimbazar, da gishirin haɗa albarushi daga yankin Patna, ga shinkafa mai araha. Turai ba ta da wata haja da mutanen Bengal ke matuƙar buƙata, saboda haka dole jiragen Kamfani su zo maƙare da azurfa kowace shekara domin biyan masaƙa da dillalai. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan batu na azurfa, domin shi ne ma'aunin da zai nuna abin da ya sauya daga baya.

A 1717 Sarkin Mugal Farrukhsiyar ya ba Kamfani wata takardar umarni a Delhi, wadda ta yafe masa kuɗin fito a Bengal muddin zai biya rupi 3,000 a shekara, ta kuma ba shi damar karɓar hayar wasu ƙauyuka 38 a kewayen Kalkata. Shaidar wannan yafewa ita ce wata takardar wucewa da ake kira dastak, wadda shugaban Kamfani a Kalkata yake sa wa hannu, kuma duk kayan da ke ɗauke da ita ba mai tsayar da su a tashar fito. Amma Delhi tana da nisa, kuma masu mulkin Bengal sun san abin da ke cikin takardar fiye da wanda ya ba da ita. Nawab na lokacin, Murshid Kuli Khan, ya yarda a yi amfani da dastak a kan kayan da Kamfani ke shigowa da su ko fita da su ta teku, sai dai ya hana a sayar musu da ƙauyukan, ya kuma ƙi sakar musu gidan buga kuɗi na Murshidabad yadda suke so. Alibardi Khan, wanda ya yi mulki daga 1740 zuwa 1756, ya bi wannan hanya duk da cewa ya shafe shekara goma yana fama da hare-haren Maratha, mayaƙan da ke fitowa daga yammacin Indiya. An ruwaito cewa yakan kamanta Turawa da amyar zuma, wadda za ka iya cin moriyar zumarta, amma idan ka tsokane ta za ta harbe ka har lahira. Shekara arba'in ke nan ana riƙe da Kamfani a wannan matsayi, takarda tana hannunsa amma fassararta tana hannun Nawab.

Jikan Alibardi, Sirajuddaula, ya hau gado a watan Afrilun 1756 yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, gidan sarauta kuma a rabe, domin innarsa Ghaseti Begum ba ta son sa, ɗan'uwansa Shaukat Jang na Purniya kuma yana neman kujerar. Marubutan zamaninsa, Turawa da 'yan ƙasa, sun siffanta shi da saurin fushi da wulaƙanta manya, kuma ban ga dalilin wanke shi daga wannan ba. Sai dai ƙorafin da ya yi a kan Kamfani, wanda ya bayyana a wasiƙarsa ga attajirin nan ɗan Armeniya Khwaja Wajid, ƙorafi ne da kowane mai mulki mai hankali zai yi. Sun ƙarfafa ganuwar Kalkata ba tare da izininsa ba, da hujjar cewa yaƙi na tafe tsakaninsu da Faransa. Ma'aikatansu suna amfani da dastak a cinikinsu na ƙashin kansu, har suna sayar da ita ga 'yan kasuwar ƙasa, baitulmali na ta asara. Sannan sun ba da mafaka ga Krishnadas, ɗan wani babban jami'in kuɗi na Dhaka, wanda ya gudu Kalkata da dukiyar da ake neman bayaninta. Da gwamnan Kalkata Roger Drake ya kori manzon Nawab, sai Siraj ya tashi da runduna ya ci garin a ranar 20 ga Yunin 1756, Drake kuwa ya riga ya tsere a jirgi ya bar mutanensa. A daren nan ne aka cusa fursunoni a wani ɗan ƙaramin kurkuku, da yawansu suka mutu saboda zafi da ƙishirwa. John Holwell, wanda ya tsira, ya ce mutum 146 aka kulle 23 suka fito da rai, masu bincike na baya kuma sun rage adadin sosai, amma labarin ya yi wa Kamfani aiki na tsawon zamani a matsayin hujja. Siraj ya sauya wa garin suna zuwa Alinagar, ya koma Murshidabad yana ganin magana ta ƙare.

Maganar ba ta ƙare ba, domin daga Madras, sansanin Kamfani a kudancin Indiya, aka turo Kanar Robert Clive da sojoji tare da jiragen yaƙin Sarkin Ingila a ƙarƙashin Admiral Charles Watson, suka ƙwace Kalkata a ranar 2 ga Janairun 1757, suka haura suka ƙone garin Hugli. Siraj ya sake saukowa da babbar runduna, amma da asubahin 5 ga Fabrairu Clive ya kutsa cikin sansaninsa cikin hazo mai kauri. Ta fuskar soja harin bai cimma abin da aka nufa ba, Clive ma ya yi asarar mutane, sai dai ya razana Nawab ƙwarai. Ga kuma labari daga arewa cewa Ahmad Shah Abdali na Afganistan ya shiga Delhi ya washe ta a watan Janairu, ana raɗe-raɗin cewa zai gangaro gabas. Kwana huɗu bayan harin aka sa hatimi.

Sharaɗi na farko ya tabbatar wa Kamfani duk abin da ke cikin takardar 1717, har da ƙauyukan da aka hana shi shekara arba'in, ya kuma ce kayan da ke ɗauke da dastak su wuce ta ruwa da ta tudu a larduna uku ba tare da an karɓi komai ba. Mai karanta wannan zai iya cewa ai tsohon haƙƙi ne aka maimaita, ba sabon abu. Amma bambancin yana da girma ƙwarai. A da, idan aka yi saɓani a kan ko kayan wani jirgi na Kamfani ne ko na wani magatakarda mai neman na kansa, jami'in Nawab ne ke yanke hukunci. Yanzu kuwa mutumin da ya ɗaga takobi domin hana cin zarafin dastak shi ne ya sake sa mata hannu ba tare da an rubuta wata hanyar bincike ba, kuma ya yi haka ne bayan an tsorata shi a sansaninsa. Duk wani mai karɓar fito a gaɓar kogi ya fahimci saƙon, ya kuma san cewa idan ya tsare jirgi mai tutar Ingila babu wanda zai tsaya masa a Murshidabad. Ɗan kasuwar Bengal da ke biyan fito a kowace tasha shi ma ya fahimta, domin hanyar da ta rage masa ta yin gasa da wanda ba ya biyan komai ita ce ya nemi inuwar wannan tuta.

Sharaɗin ganuwa ya fi wannan tsanani, domin shi ne ainihin dalilin yaƙin. An yarda Kamfani ya ƙarfafa Kalkata yadda ya ga dama ba tare da tsangwama ba. Wata bakwai da rabi kafin wannan rana, rundunar Nawab ta ci garin cikin 'yan kwanaki saboda ganuwarsa ta lalace kuma albarushinsa ya jiƙe, abin da ke nuna cewa har zuwa lokacin akwai sanda a hannun mai mulki wadda fatake ke tsoro. Sharaɗin ya karɓe wannan sanda. Daga ranar aka sami gari a cikin Bengal wanda kowane attajiri zai iya kai dukiyarsa, kowane jami'in da ya ci kuɗin hukuma zai iya fakewa a cikinsa, kowane mai ƙulla makirci kuma zai iya aika wasiƙa daga cikinsa, sarki bai isa ya taɓa shi ba. Bayan Palashi Kamfani ya tashi mutanen Gobindapur daga ƙauyensu ya gina sabon sansanin Fort William a wurin, wanda girmansa ya wuce duk abin da ciniki zai buƙata.

Sharaɗin buga kuɗi shi ne wanda ba a cika magana a kansa ba, alhali ya taɓa jijiyar mulki. A tsarin Bengal sabon rupi yana da cikakkiyar daraja, darajar kuma tana raguwa bayan shekara biyu zuwa uku har sai an mayar da shi maƙera an sake buga shi, haka nan rupin Madras da ɗanyar azurfar da Turawa ke kawowa sai an rage musu wani kaso kafin a karɓa. Gidan attajiran nan da ake wa laƙabi da Jagat Seth shi ke riƙe da wannan harka a Murshidabad, shi ke ba Nawab rance, ta hannunsa kuma kuɗin haraji ke tafiya Delhi. Da Kamfani ya sami izinin buga rupi a Kalkata, wanda za a karɓa daidai da na Murshidabad, sai ya kuɓuta daga wannan ragi, ya kuma shiga sahun masu fitar da kuɗin da talaka ke biyan haraji da shi. Gaskiya ne sunan Sarkin Mugal ne a jikin kuɗin, amma a ƙasashen Musulmi na wancan zamani kowa ya san cewa huɗuba da buga kuɗi su ne alamomi biyu na sarauta, kuma an miƙa ɗaya daga cikinsu ga mutanen da suka zo sayen yadi.

Abin da Nawab ya samu a madadin waɗannan abubuwa alkawari ne kawai. Majalisar Kamfani ta rubuta cewa za ta ci gaba da ciniki kamar da, ba za ta zalunci kowa ba, ba kuma za ta ba da mafaka ga waɗanda hukuma ke bi bashi ko ɓarayi da masu kisan kai ba, Clive kuma ya yi alkawarin cewa maƙiyan Nawab maƙiyansu ne. A nan ne nake ganin babban aibin yarjejeniyar. Duk abin da Siraj ya bayar abu ne da ake gani da ido, ƙauye da ganuwa da maƙera da diyyar kayan da aka kwashe, kuma da zarar an bayar ba ya dawowa sai da yaƙi. Duk abin da ya karɓa kuwa magana ce game da halin da Kamfani zai nuna nan gaba, kuma babu wani alƙali a tsakaninsu da zai ce an cika ko an saɓa. Sarkin Delhi da ya kamata ya zama alƙalin yana hannun Abdali, shugabannin Kamfani a Landan kuma wasiƙa tana ɗaukar kusan wata shida kafin ta kai gare su. Saboda haka fassarar takarda ta koma hannun wanda jiragen yaƙinsa ke tsaye a kogi.

Ba a yi wata biyu ba aka ga yadda wannan fassara ke aiki. Labarin yaƙin Ingila da Faransa ya iso Bengal, Clive da Watson suka ce tunda maƙiyin ɗaya maƙiyin ɗaya ne, dole Nawab ya bar su su auka wa Faransawa a sansaninsu na Chandannagar da ke gaɓar kogin Hugli. Siraj ya ƙi, domin ya san Faransawa ne kaɗai Turawan da za su iya taka wa Ingilishi birki, kuma bai yarda baƙi su yi yaƙi a cikin ƙasarsa ba. Watson ya rubuta masa yana barazanar cewa zai kunna wuta a ƙasarsa wadda duk ruwan kogin Ganga ba zai iya kashewa ba. Da aka sami wata amsa mai harshen damo daga fada, sai aka ɗauke ta a matsayin izini, aka ci Chandannagar a ranar 23 ga Maris, a watan Afrilu kuma aka matsa wa Nawab har ya sallami Jean Law, shugaban Faransawa na Kasimbazar, wanda ya nemi mafaka a wurinsa. Sharaɗin da aka rubuta domin kare Nawab daga maƙiyansa shi aka juya aka raba shi da abokansa.

Mu a ƙasar Hausa mun san irin wannan takarda. A 1885 Joseph Thomson ya zo da yarjejeniya a madadin kamfanin George Goldie, wanda ya zama Kamfanin Neja a shekara mai bi, aka ƙulla ta da Sarkin Musulmi Umaru da kuma Sarkin Gwandu. Sakkwato ta ɗauke ta a matsayin izinin ciniki da ake biyan kuɗi a kansa kowace shekara, kamfanin kuwa ya kai ta Turai yana nuna wa Faransa da Jamus a matsayin shaidar cewa yankin ya shiga hannunsa, kuma a kan irin waɗannan takardu gwamnatin Ingila ta tsaya lokacin da ta karɓi ragama daga kamfanin a farkon 1900.

Akwai hujja mai ƙarfi da za a iya kawowa a kan ra'ayina, cewa Siraj ba shi da zaɓi, kuma shi ma ba da zuciya ɗaya ya sa hatimi ba. Wannan gaskiya ne, domin an san yana aika wasiƙu ga Bussy, kwamandan Faransa a yankin Dakkan na kudancin Indiya, yana neman ya zo da runduna, kuma yana jan ƙafa wajen biyan wani ɓangare na diyya. Kowane ɓangare lokaci yake saye, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Amma wannan bai rushe maganata ba, sai ma ya ƙarfafa ta. Wanda ke sayen lokaci ya kamata ya biya da abin da zai iya maidowa, kamar kuɗi ko kyauta ko dakatar da wani haraji na ɗan lokaci, kuma kakansa ya yi haka da Maratha a 1751 lokacin da ya yarda da biyan su kuɗi kowace shekara domin su bar tsakiyar Bengal ta huta. Siraj ya biya da abin da ke ƙara wa abokin gabarsa ƙarfi kowace safiya, saboda tsoron wani hari daga Abdali wanda a ƙarshe bai zo ba, domin Abdali ya juya ya koma ƙasarsa a watan Afrilu. Mafi muni kuma, fadawansa sun ga ya ja da baya a gaban runduna ƙarama, kuma daga nan lissafinsu ya sauya.

A nan ne maganar cin amana ta shigo, kuma ya kamata a sa ta a muhallinta. Mir Jafar bai ƙirƙiro makircin shi kaɗai ba. Gidan Jagat Seth, wanda Siraj ya wulaƙanta shugabansa a bainar jama'a, da Rai Durlabh, da wasu manyan fada su ne suka nemi wanda zai maye gurbin Nawab, kuma Alinagar ce ta nuna musu cewa a Kalkata akwai bindigar da za a iya haya. Wakilin Kamfani a fada, William Watts, wanda yarjejeniyar sulhun ce ta ba shi damar zama a Murshidabad a matsayin jakadan aboki, shi ya jagoranci tattaunawar, kuma a ranar 1 ga Mayu kwamitin Kalkata ya amince da shirin, alhali Clive yana ci gaba da rubuta wa Nawab wasiƙun zumunci. Da dillalin nan Amir Chand ya nemi kashi biyar cikin ɗari na baitulmali ko ya tona asiri, sai Clive ya sa aka rubuta yarjejeniya biyu, ta gaskiya a farar takarda babu sunansa, ta ƙarya a jar takarda da rabonsa a ciki. Watson ya ƙi sa hannu a ta ƙaryar, sai aka kwaikwayi sa hannunsa. Wanda ke son sanin darajar takarda a wurin mutanen da Siraj ya ƙulla yarjejeniya da su, wannan labari ya ishe shi, kuma Clive da bakinsa ya amsa shi daga baya a gaban kwamitin majalisar dokokin Ingila, yana cewa zai iya sake yin haka.

Sabuwar yarjejeniyar da Mir Jafar ya rantse a kanta a farkon watan Yuni ta fara ne da tabbatar da duk sharuɗɗan Alinagar, sannan ta ɗora a kansu. Rupi miliyan 10 ga Kamfani, miliyan 5 ga Turawan Kalkata a kan asarar dukiyarsu ta ƙashin kai, miliyan 2 ga 'yan ƙasa mazauna garin, dubu 700 ga Armeniyawa, ga filayen kudu da Kalkata waɗanda har yau ake kira Pargana 24, ga kuma hana Faransawa sake zama a lardunan uku. Yaƙin kansa, a ranar 23 ga Yuni, bai ɗauki fiye da yini ɗaya ba. Clive yana da mutum kusan 3,000, mafi yawansu sojojin Indiya, Nawab yana da kusan 50,000, amma waɗanda suka yi yaƙi da gaske su ne na hafsoshin Nawab biyu, Mir Madan da Mohanlal, da 'yan tsirarun Faransawa masu igwa. Clive shi kaɗai ya tashi da fam 234,000. Da aka buɗe baitulmalin Murshidabad aka tarar bai kai abin da aka yi alkawari ba, sai aka biya rabi aka raba saura a shekara uku, sabon Nawab ya fara mulki da bashi a wuyansa.

Dalilin da ya sa na ƙi yarda a tattara komai a kan halin mutum ɗaya shi ne abin da ya faru da wanda ya biyo baya. A 1760 Kamfani ya sauke Mir Jafar ya ɗora surukinsa Mir Kasim, ya karɓi gundumomin Burdwan da Midnapur da Chittagong a matsayin lada. Mir Kasim mutum ne mai ƙwazo da sanin lissafi, ya biya basussuka, ya mayar da fadarsa Munger nesa da Kalkata, ya kuma horar da runduna a salon Turai. Abin da ya kasa magancewa shi ne dastak, domin a lokacin ma'aikatan Kamfani da yaransu sun mamaye cinikin cikin gida na gishiri da taba da sauran kayan masarufi ba tare da biyan fito ba, suna tilasta wa talakawa saye da sayarwa a farashin da suka yanka. A ƙarshen 1762 ya daidaita da gwamna Henry Vansittart cewa za su biya kashi tara cikin ɗari, amma majalisar Kalkata, wadda membobinta ne ke cin ribar, ta yi watsi da hakan ta ce kashi biyu da rabi a kan gishiri kawai za su biya. Sai Mir Kasim ya yi abin da ya rage masa, ya soke kuɗin fito na cikin gida ga kowa da kowa na tsawon shekara biyu, domin 'yan kasuwarsa su tsaya daidai da baƙi. Majalisar ta ce wannan saɓa wa haƙƙinsu ne, wato dole Nawab ya ci gaba da karɓar haraji daga talakawansa domin su Turawa su ci gaba da fin su, Vansittart da wani ɗan majalisar, Warren Hastings, wanda daga baya ya zama gwamna, su ne kaɗai suka ƙi wannan ra'ayi. A kan haka aka yi yaƙi a 1763, wanda ya ƙare da cin Mir Kasim da Nawab na Awadh da Sarkin Mugal Shah Alam na Biyu a Baksar a watan Oktoban 1764. Ga mai mulki wanda ba yaro ba ne, ba kuma rago ba, amma sharaɗin da aka tabbatar a Alinagar ya kayar da shi kamar yadda ya kayar da na farko. Attajiran gidan Jagat Seth ma ba su ci ribar cinikinsu ba, domin Mir Kasim ya kashe shugabanninsu biyu a wannan rikici, harkar kuɗi kuma ta koma Kalkata sannu a hankali.

A watan Agustan 1765 a Allahabad, Shah Alam ya ba Kamfani ikon tara harajin Bengal da Bihar da Orissa gaba ɗaya a kan rupi miliyan 2.6 a shekara. Daga nan buƙatar kawo azurfa daga Turai ta ragu ƙwarai, domin da harajin manomin Bengal ake sayen yadin masaƙin Bengal a loda a jirgi. Lokacin da fari ya jawo yunwar 1769 zuwa 1770, wadda Hastings da kansa ya ƙiyasta ta kashe kashi ɗaya cikin uku na jama'a, an ci gaba da matsa wa waɗanda suka rage wajen karɓar haraji, kuma babu wata hukuma a ƙasar da ke da ikon tsawatar wa masu karɓar.

A 1772 Kamfani ya zo gaban gwamnatin Ingila yana roƙon rance, majalisar dokoki kuma ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin John Burgoyne. An tambayi Clive game da jar takarda da kuɗin Murshidabad, shi ne ya ba da amsar nan da ta shahara, cewa idan ya tuna dukiyar da aka buɗe masa a ranar, shi kansa yana mamakin irin kamewar da ya yi. A watan Mayun 1773 majalisar ta zartar da cewa duk abin da aka samu da ƙarfin soja ko ta hanyar yarjejeniya da sarakunan waje haƙƙin gwamnatin Ingila ne, ta tabbatar da cewa Clive ya karɓi fam 234,000, sannan ta ƙara da cewa ya yi wa ƙasarsa hidima mai girma. Gardamar da aka yi a zauren ta tsaya ne a kan wanda ya fi cancantar riƙe abin da aka samo, gwamnati ko Kamfani ko ma'aikatansa, kuma a cikin ƙudurorin da aka zartar babu wanda ya nemi a mayar wa Bengal da wani abu.